Rabin Rini

A ɗakin hoto na asibitin, can ƙasa kusa da inda ake wankin zannuwa, akwai wata mata da kowa ke kira Anti Sauƙi. Masu tura keken marasa lafiya ne suka laƙaba mata sunan, domin ba a taɓa kwantar da mutum a gadon na'urarta ba ta ce masa, "Da sauƙi, yanzu za a gama" ba. Ko yanzun za a gama, ko sai an yi rabin awa, haka take faɗa, kuma abin mamaki mutane suna yarda. Shekararta ashirin da bakwai a wannan aiki. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tana ɗan ɗingishi saboda gwiwar hagu, kuma in ka gan ta da rigar sanyi ana tsakiyar zafi kada ka yi mata dariya. Sanyin ɗakin don na'ura aka yi shi, ita kuwa a ciki take wuni.

Ta fara aikin tun zamanin fim, lokacin da ake shiga ɗakin duhu a tsoma hoto cikin ruwan magani, a koma gida yatsu suna wari. A gabanta aka kwashe fim aka kawo kwamfuta. A gabanta aka fasa bango aka shigo da babbar na'urar sikanin mai kama da zobe, wadda ake tura mutum ciki ta ɗauko hoton ƙirjinsa sala-sala ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba. Duk ta koya, tana mita tana koya. Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai son shiru, 'ya'yansu biyu sun girma sun yi nisa, don haka yawancin maganarta ta yini a kan marasa lafiya take ƙarewa. Tana da bargo guda a ɓoye cikin kabad don tsofaffi. Tana da hannun da ke gano jijiya inda nas uku suka gwada suka haƙura.

Amma abin da ta fi kowa sani a wannan sashe shi ne iyakar abin da idon likita ke buƙata. Ba kowane hoto ne sai ya fito tas ba. In tsohuwa ba ta iya ɗaga hannuwa sama da kai, Anti ta san yadda za ta karkata ta hoton ya karantu. In mai tari ba ya iya riƙe numfashi, ta san lokacin da za ta danna tsakanin tari da tari. Haka nan da rini. Rini shi ne sunan da ma'aikata ke kiran ruwan da ake ɗura wa mutum ta jijiya kafin a ɗauki hoton ƙirji. Yana bin jini ya haska duk inda jini ke zuwa, sai ciwo ya fito fili. Famfo ne ke tura shi, da ƙarfi kuma, cikin 'yan daƙiƙu. Mai lafiyar jijiya ɗumi kawai zai ji ya ratsa shi. Wanda jijiyoyinsa suka gaji kuwa, ji yake kamar ana zuba masa tafasasshen ruwa a cikin hannu. A irin wannan, in Anti ta ga mutum ya fara murɗewa, takan tsayar da famfon a rabi ta ɗauki hoton haka nan. Yakan ɗan dushe, amma ana ganin abin da ake nema. Tsohon likitan da ya yi shekara ashirin yana karanta hotunanta bai taɓa dawo mata da ko ɗaya ba, har ya yi ritaya.

Bara aka kawo wani sabon likitan ciwon daji, siririn mutum mai tabarau, wanda bai cika sati biyu ba aka sa masa Likitan Lamba. Shi ya zo da wata manhaja ta kwamfuta don masu ciwon dajin huhu da ake yi wa gashi, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, kullum kaɗan-kaɗan har sau talatin. A da, sai an gama gashin an jira watanni kafin a san ko ya ci ko bai ci ba. Yanzu, in ji shi, ana ɗaukar hoto kafin a fara, a sake ɗauka a tsakiya, manhajar ta auna hasken ƙullutun ɗigo-ɗigo ta kwatanta. Ƙullutun da ke mutuwa jininsa raguwa yake, sai ya sha rini kaɗan ya dushe. In ya dushe, a ci gaba yadda aka tsara. In yana nan da haskensa, a yi maza a sake zana tsarin, a ƙara wa wurin da ya yi taurin kai wuta a kwanakin da suka rage.

Ya tara ma'aikatan ɗakin hoto ya yi musu bayani da allo da komai. Ya ce sharaɗi ɗaya ne: hoton farko da na biyu su zama iri ɗaya, kwanciya ɗaya, numfashi ɗaya, rini ɗaya. Anti tana kujerar baya tana gyara jerin sunayen gobe. Ta ji, ba wai ba ta ji ba. Sai dai irin jin da mai shekara ashirin da bakwai a aiki ke yi wa wanda yake firamare lokacin da take ɗakin duhu.

Ana nan sai ciwon ya shigo gidansu.

Auta ƙaninta ne, ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyarsu ta kwanta jinya bayan haihuwarsa, don haka a bayan Anti ya yi wayo. Ita ta yi masa wanka, ita ta raka shi makaranta yana kuka, ita ta tare masa duka sau ba adadi, mai dalili da marar dalili. Ya girma ya zama mai fentin mota, gwani kuwa, irin wanda zai kalli ƙofar mota sau ɗaya ya haɗa launin da ko mai motar ba zai gane an taɓa ba. Mutum ne mai barkwanci, ba a zama da shi a yi shiru. Takunkumin hanci kuwa ya ce ba shi ba shi, wai in ya sa ba ya jin ƙanshin fentin, ba ya sanin ya haɗu. Shekara da shekaru Anti tana saya masa, yana rataye su a ƙusa. Taba ma ya sha, sai da 'yarsa ta fari ta fara magana ya bari.

Da tari ya kama shi ya ƙi tafiya, ita ta je har gareji ta kamo shi. Ita ta ɗauki hoton farko, da cikakken rini, don a lokacin jijiyoyinsa ɓul-ɓul suke kamar igiya. Ita ce kuma ta fara ganin abin, kafin kowane likita: ƙullutu a huhun dama, ya kai girman ƙwai, yana haske. Ba ta ce masa komai ba, ba aikinta ba ne ta faɗa. Ta sauko da shi daga gado, ta shiga bayi ta daɗe tana wanke hannu.

Aka tsara masa gashi talatin, Litinin zuwa Juma'a, ga ruwan magani sau ɗaya a sati. Satin farko yana zuwa da labarai, yana tsokanar masu na'urar gashin cewa layukan da suka zana masa a ƙirji sun karkace, a ba shi alƙalamin ya gyara. Zuwa sati na uku barkwancin ya ƙare. Maƙogwaronsa ya ƙone, ko ruwa sai ya runtse ido kafin ya haɗiye. Wando ya fara zame masa. Ruwan maganin ya cinye jijiyoyin hannunsa, suka koma kamar zare. Matarsa, wadda Anti ke kira Amarya har yau bayan shekara goma sha shida, ta same ta a bakin ɗakin hoto ido jajir.

"Yaya, ya ce shi fa ya gama. Wai daga hoton nan ba zai ƙara zuwa ba, gara ya mutu a gadonsa da ƙoshi."

"Bar ni da shi," in ji Anti. "Tun yana ɗan shekara biyar yake cewa ya gama."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma hankalinta a tashe yake.

Hoton tsakiya ya faɗo ranar Juma'a, bayan gashi na goma sha biyar. A ƙa'ida Dogo, abokin aikinta, shi ya kamata ya ɗauka, tunda ɗan'uwanta ne. Dogo kuwa yana ɗaya na'urar da mutanen da aka kawo daga haɗarin mota, Auta kuma ya ce in ba Yaya ba babu mai taɓa shi. Nas ta soka sau huɗu ba ta samu ba. Anti ta ja kujera, ta ɗumama hannun da tawul, ta lalubo wata 'yar jijiya a bayan hannu ta sa kanula, 'yar robar da rini zai bi ya shiga. Takardar aikin ta riga ta cika ta tun safe, kamar yadda ta saba don kada layi ya tsaya: rini, mililita tamanin. Ta ɗaga masa hannuwa sama da kai, ta rufa masa bargon tsofaffi, ta koma bayan gilashi ta kunna famfo.

Lambar ta fara hawa. Goma, ashirin, talatin. Ta ga yatsun ƙafarsa sun dunƙule. Sai muryarsa ta fito ta 'yar lasifikar da ke kan tebur. Bai yi ihu ba, da ihu ya yi wataƙila da ta daure. A hankali ya ce, "Yaya."

Yatsanta ya riga tunaninta. Famfon ya tsaya a talatin da biyar. Ta ce masa ya ja numfashi ya riƙe, ta ɗauki hoton. Ta duba shi da idon da bai taɓa ba ta kunya ba: ga ƙullutun, ga iyakarsa, komai yana karantuwa. Ta tura. Matar da ke biye da shi a layi ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, aka yi ta kanta, takarda kuma ta tafi da tamanin ɗinta.

Ranar Talata Likitan Lamba ya kira su ofis, Auta da Amarya, Anti ta tsaya a jikin ƙofa da rigar aikinta. Ya juyo musu da fuskar kwamfutar, yana murmushin da ba a saba gani a fuskarsa ba.

"Malam, albishir. Hasken ƙullutun ya ragu da fiye da rabi. Gashin yana ci. Ba sai mun taɓa tsarin ba, mu ƙarasa yadda muka fara."

Amarya ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Auta ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, da muryar nan tasa da ta shaƙe, "Likita, wannan launin tokar naku ba shi da kyau ko kaɗan, amma yau na yafe muku." Aka yi dariya, har da Anti. Sai dai kalmar nan, fiye da rabi, ta tsaya mata a rai. Ta koma ɗakinta ta ɗauki hoton mutum tara, kalmar tana nan.

Washegari da rana, da Dogo ya fita cin abinci, ta buɗe hotunan biyu gefe da gefe. Ba ƙullutun ta duba ba. Ta ɗora ma'auni a kan babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, wadda ba ta da ciwo, wadda babu dalilin da zai sa ta canza. A hoton farko haskenta ɗari uku da goma. A na biyu ɗari da hamsin. Ta sake aunawa a wani wurin, ta sake, kamar lambar za ta ji kunyarta ta gyaru. Ba ƙullutun kaɗai ya dushe ba, duk ƙirjin ne ya dushe, don rinin bai kai ba. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. An ce mata tamanin, ta yi lissafi da tamanin.

Ofishin likitan hawa ɗaya ne daga nan, ko da gwiwarta minti uku ya isa. Ta rufe hotunan, ta kira mai bi a layi.

A nan ne labarin Anti Sauƙi ya fi ciwo, kuma ba za a yi mata ƙaryar kirki ba. Tsayar da famfo kuskure ne na daƙiƙa ɗaya. Shirun da ya biyo baya na kwana biyar ne, kuma idonta biyu ta yi shi. Ta ce wa kanta ai mai yiwuwa ne gashin yana ci ɗin, rabin rini ba ya nufin ƙullutun bai mutu ba. Gaskiya ne, mai yiwuwa ne. Ta ce in aka sake hoto, wace jijiyar za a soka? Wannan ma gaskiya ne. Tsoron kanta ma yana ciki, ba za a ce babu ba: shekara ashirin da bakwai ba a taɓa kiranta ofis ba, yanzu ta hau bene ta ce wa yaron nan ta sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Amma babban abin da ya ɗaure mata baki shi ne abin da ta tarar a gidan Auta ranar Alhamis da yamma.

Yana zaune a ƙofar gida a kan benci, kwano a cinya, yana ci. Yana runtse ido a kowace loma, amma yana ci. Maƙwabcinsa ya tsaya da mota, Auta yana nuna masa da cokali inda wani ya ɓata masa fenti, yana cewa wanda ya yi wannan aikin ko katanga bai kamata a ba shi ba. Amarya ta fito ta kama hannun Anti da hannu biyu.

"Yaya, tun ranar Talata sau uku yake ci. Da kansa yake tashina mu tafi asibiti. Jiya har ya kira 'yarsa a makaranta ya ce kada ta taso, ta zauna ta yi jarrabawarta."

"Madalla," in ji Anti.

"Hannunki akwai albarka, wallahi. Ni na san tunda ke kika ɗauka alheri za a gani."

Anti ta ce gwiwarta na damunta, ta nemi wuri ta zauna. Mutumin da ya ce ya gama, ga shi yana ci yana faɗa, kuma abin da ya tashe shi lamba ce da ita ta san ba ta da tushe. In ta cire masa ita, me zai tsaya a kai? Ta koma gida ba ta faɗa ba. Mijinta ya tambaye ta sau biyu ko lafiya, ta ce aiki ne, shi kuma da yake mai son shiru ne ya bar ta.

Ranar Lahadi da hantsi ta sake komawa. Suna zaune a tsakar gida tari ya kama shi, mai tsawo. Ya juya baya ya tofa a hankici, ya ninke da sauri zai tura aljihu. Ta riƙe masa hannu ta buɗe. Jini ne, ba yawa, amma ja ne sabo.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu. Kada ki tayar da hankalin Amarya, Yaya. Ai ragowar ce ke fita. Ba ki ji likita ba? Abin mutuwa yake yi, dole ya zubo."

Ya faɗa ne da cikakkiyar natsuwa, har yana lallashinta. Mutumin da a da ko ɗigo ya gani sai ya kira ta, yanzu ya ga jini kwana biyu ya yi shiru, don an ba shi bayanin da ya gamsar da shi. Nan ta gane ƙaryar ba a kwamfuta kaɗai ta tsaya ba.

Litinin da safe, kafin ta sa rigar aiki, ta hau benen. Likitan Lamba yana shan shayi a tsaye. Ta ce ya buɗe hotunan ƙaninta ya auna babbar jijiya. Ya auna. Ya ajiye kofin.

"Nawa ya shiga?"

"Talatin da biyar."

"Takarda ta ce tamanin."

"Ni na rubuta, tun kafin a fara. Ban gyara ba."

Bai yi faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya cire tabarau ya murza ido. "Laifina ma yana ciki, ya kamata in duba jijiyar da kaina. Na ga lamba mai kyau na yi murna. Anti, yaushe kika gane?"

Nan ma akwai ƙofar ƙarya a buɗe, babu wanda zai sani. Ta ce, "Laraba."

Ya dube ta, ya jawo kalandar tebur ya fara bi da alƙalami. Yau a duba ƙodarsa, a ga ko za ta ɗauki wani rinin. Gobe a sake hoto. In ya nuna sai an canza tsari, zanawa da gwadawa kwana uku ne. Sabon tsari ba zai fara ba sai Litinin mai zuwa.

"Da Larabar kika hau, da muna da gashi takwas da za mu yi aiki da su. Yanzu biyar." Ya ajiye alƙalamin. "Shi kaɗai ne, ko akwai wasu?"

"Tun da aka kawo manhajar... biyar, ko shida. Zan iya tuna fuskokinsu."

"Sunayensu nake so, yau. Kuma dole in rubuta rahoto. Kafin a gama dubawa, hoton masu gashi ba ke za ki riƙa ɗauka ba."

"To, likita."

"Wa zai gaya masa?"

"Ni," in ji ta.

Ta same shi a bencin da ke gaban ɗakin gashi yana jiran layi, rigarsa a buɗe, layukan alƙalami a ƙirjinsa. Amarya ta je karɓo magani. Anti ta zauna kusa da shi ta faɗa masa duka, a jere, ba ta rage ba: famfon, takardar, jijiyar, Larabar. Ta ce ba a san gashin bai ci ba, amma ba a san ya ci ba. Albishir ɗin nan babu shi.

Ya daɗe yana kallon wata tsaga a tayil ɗin ƙasa.

"Kin san jiya har nama na ci?" in ji shi a ƙarshe. "Yana yanka ni kamar kwalba, ina cewa daure, ka kusa."

"Na sani."

"Kwana biyar, Yaya. Kina kallona ina washe baki a ƙofar gida."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su, mutanen benci suna satar kallon ma'aikaciya tana kuka.

"Ai ni na kira ki," ya ce, muryar ta ɗan sauko. "Na ji lokacin da ya tsaya. Na ce a raina, Yaya ta ji ni."

"Kai mara lafiya ne, kiran naka ne. Ni ce ma'aikaciya."

"Ke dai ba ki taɓa iya jin kukana ba, tun can. Shi ya sa na lalace." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "In na ce ba zan sake ba fa?"

"Zan kwanta a ƙofar gidanka har ka fito."

"Da wannan gwiwar?" Ya girgiza kai. "Zan zo. Amma ki tsaya a wurin, ko ba ke za ki danna ba. Kuma wannan karon ko na kira ki, kada ki ji. Amarya kuwa a ce mata hoto ne na ƙa'ida. Kada a taɓa ta tukuna."

Ƙodar ta nuna za ta ɗauka. Ranar Talata da safe aka samu wata jijiya a damtse bayan an sha wahala, ita ma siririya. Dogo ne a kan famfo, likitan yana tsaye a bayansa, Anti tana gefe ta haɗa hannuwanta a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya. Lambar ta fara hawa. A talatin yatsun ƙafar suka dunƙule. A arba'in muryar ta fito ta lasifika.

"Yaya."

Dogo ya waiwayo ya dube ta. Ta kafe idonta a kan lambar.

"Yaya. Yaya, don Allah."

Hamsin da biyar. Sittin. Farcenta ya shige cikin tafin hannunta. Saba'in. Ya daina kira, sai numfashi kawai ake ji. Tamanin. Dogo ya ce a ja numfashi a riƙe, gadon ya shige cikin zoben.

Hotunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba ta buƙaci manhaja ba. Gefen ƙullutun ya ɗan ja baya, ya ɗan dushe, amma tsakiyarsa tana nan da haskenta kamar ranar farko. Likitan ya sunkuyo ya auna jijiya, ya auna ƙullutu, ya miƙe.

"Za mu sake zana tsarin," ya ce a hankali. "Biyar ɗin ma ba banza ba ne, Anti. Za mu yi aiki da su."

Ta gyaɗa kai, ta tura ƙofa ta shiga. Auta yana kwance hannuwa a sama, ya kasa sauko da su da kansa. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya ta sauko da su a hankali, ta cire kanular ta danne wurin da auduga. Hannun ya yi zafi, gumi ya jiƙa masa wuya. Bai tambaye ta komai ba. Ya dubi fuskarta kawai, ya daɗe, sannan ya mai da ido kan silin.

"To," ya ce.

Ta ci gaba da danne audugar, ko da yake jinin ya tsaya.

"Da za mu fito na ga Amarya ta fito da kayan aikina daga akwati ta jiƙa. Wai kada in koma gareji da datti." Ya haɗiye yawu, ya runtse ido don zafin. "Ni zan gaya mata da kaina, Yaya. Amma ki bari su bushe tukuna."